Titi, Kasuwa da Rigakafi: Shekara Goma ta Mulkin Joko Widodo a Indunusiya



Mutumin da zan yi magana a kansa yau ɗan kasuwar katako ne. Kafin siyasa ta ɗauke shi, sana'arsa ƙera kujeru da tebura yana sayarwa har Turai. Sunansa Joko Widodo, mutanensa suna ce masa Jokowi. An haife shi a 1961 a birnin Solo na tsibirin Jawa, ya yi magajin garin Solo daga 2005 zuwa 2012, ya yi gwamnan Jakarta shekara biyu, sannan ya mulki Indunusiya daga Oktoba 2014 zuwa Oktoba 2024. Shi ne shugaban ƙasar na farko da bai fito daga barikin soja ko daga cikin manyan 'yan siyasar Jakarta ba.

An ɗora mini batutuwa uku: sufuri, farashin kayan masarufi, da haɗin gwiwar lafiya tsakanin ƙasashe. A ma'aikatun gwamnati kowanne da ministansa, amma a hannun wannan mutumin aiki ɗaya ne, wato kai kaya inda ake bukatarsu. Shinkafa kaya ce, fetur kaya ne, maganin rigakafi ma kaya ne da sai an ɗora a mota ko a jirgi. Hujjar da nake so in kafa ita ce, duk inda Jokowi ya gyara hanyar da kaya ke bi ya ga biyan bukata, inda kuwa ya tsaya ya ba farashi umarni, kasuwa ta kunyata shi.

A Solo ya fara koyon wannan darasi. Akwai wani dandali a tsakiyar gari da masu kasa kaya kusan dubu suka mamaye, hukumomin baya sun yi ta barazanar tashinsu, su kuma sun ce ba inda za su. Jokowi ya riƙa gayyatar shugabanninsu cin abinci, zama sama da 50, yana sauraron abin da suke tsoro: in an mayar da mu sabuwar kasuwa, wa zai biyo mu? Ya yi musu alkawarin rumfuna kyauta, da talla, da motocin haya da za su riƙa bi ta can. A 2006 suka tashi da kansu, har da jerin gwano na biki. Ku lura da maganar motocin hayar nan, domin ita ce asalin tunaninsa: kasuwar da hanya ba ta kai mata ba, rumfuna ne kawai. Daga nan ne kuma ya shahara da faɗawa kasuwa ba sanarwa, yana tambayar mata nawa barkono, nawa ƙwai, nawa albasa. Har ya sauka daga mulki bai bar wannan ɗabi'a ba.

Sai dai Indunusiya ba Solo ba ce. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 17,000 da mutane sama da miliyan 270, fiye da rabinsu a tsibirin Jawa kaɗai. Masana'antu suna yamma, gabas kuwa sai dai a kai mata. A 2016 ana sayar da litar fetur rupiya 6,550 a Jawa, amma a tsaunukan Papua, inda sai ƙaramin jirgin sama ke kai mai, lita tana kaiwa rupiya 50,000 har zuwa 100,000. Ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, tuta ɗaya.

Abu na farko da ya yi shi ne neman kuɗin aiki, ya kuma same su a inda kowa ke tsoron taɓawa. Wata guda da rantsar da shi, a Nuwamba 2014, ya ɗaga farashin fetur daga rupiya 6,500 zuwa 8,500, a farkon 2015 kuma ya janye mafi yawan tallafin, ya karkata kuɗin zuwa tituna da tashoshin jiragen ruwa da madatsun ruwa. Na ga wasunku suna murmushi, na san ranar 29 ga Mayu 2023 kuke tunawa, ranar da aka janye namu tallafin man. To akwai bambanci guda da ya kamata a faɗa. Jokowi ya yi sa'ar lokaci, domin a daidai watannin nan farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a duniya, sai talaka bai ji zafin sosai ba. Kuma tallafin bai mutu ba, ya lallaɓo ya dawo ta bayan gida, har a 2022 kasafin tallafin makamashi ya haura rupiya tiriliyan 500, aka sake tilasta masa ƙara kuɗin mai a Satumba na shekarar.

Me aka yi da kuɗin? Daga 1978, da aka buɗe babban titin farko da ake biyan kuɗi a bi, zuwa 2014, duk irin waɗannan tituna da ƙasar ta gina ba su kai kilomita 800 ba. A shekara goma Jokowi ya ƙara kimanin kilomita 2,000. A Disamba 2018 aka haɗa Jakarta da Surabaya, manyan biranen Jawa biyu, da titi guda. A Maris 2019 jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a Jakarta da rancen Japan, bayan an shafe shekaru fiye da ashirin ana maganarsa a takarda. A Papua kuma, daga 2016, ya umarci kamfanin mai na gwamnati, Pertamina, ya ɗauki nauyin dakon man da kansa don a sayar da shi farashi ɗaya da na Jawa.

Wanda ya fi koyar da mu a cikinsu shi ne shirin jiragen ruwa da aka fara a 2015. Gwamnati ta riƙa biyan tallafi ga jiragen dakon kaya don su riƙa zuwa tsibiran gabas a kan jadawali, ko da riba ko babu. A bakin tashar jirgi farashi ya sauka. Amma matsaloli biyu suka fito. Jirgi zai tafi maƙil da siminti da shinkafa da sukari, ya dawo da kwantenoni kusan fanko, domin gabas ba ta da abin da za ta aiko da yawa, ga shi dole wani ya biya kuɗin dawowar. Na biyu, a garuruwa da dama 'yan kasuwa ƙalilan ne suka kame gurbin kwantenonin, suka karɓi rangwamen, suka ci gaba da sayarwa a tsohon farashi. Jokowi da bakinsa ya koka da wannan. Duk wanda ya san yadda buhun masara ke tashi daga Dawanau ya isa Legas, ya san kuɗin mota kashi ɗaya ne kawai na labarin.

Akwai kuma ayyukan da suka fi ƙawa fiye da amfani. An buɗe katafaren filin jirgin sama na Kertajati a 2018, ya yi shekaru kusan ba fasinja. Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa, wanda suka raɗa wa Whoosh, ya mayar da tafiyar Jakarta zuwa Bandung daga kusan awa uku zuwa kimanin minti 45 a kan layi mai kilomita 142. Abin sha'awa ne. Amma a 2015 an ba ƙasar Sin kwangilar, aka hana Japan, bisa sharaɗin ba za a taɓa baitulmali ba. Aikin da aka ce za a gama a 2019 sai Oktoba 2023 aka buɗe shi, kuɗinsa ya tashi daga kimanin dala biliyan 6 zuwa sama da biliyan 7, kuma tun 2021 Jokowi ya sa hannu a dokar da ta halatta ɗebo kuɗin gwamnati a zuba. Kamfanonin gine-gine na gwamnati da aka ɗora wa tituna suka nutse a bashi, har ɗaya daga cikinsu, Waskita Karya, ya kasa biyan masu binsa a 2023. Sabon babban birni da ya fara ginawa a dajin Kalimantan, Nusantara, wannan lacca ce mai zaman kanta. A ganina jirgin Whoosh ba ya cikin hujjar da nake kafawa, domin buhun shinkafa ko ɗaya ba ya ɗauka.

Mu shiga kasuwa. A 2014 hauhawar farashi ta haura kashi 8 cikin 100. Daga 2015 zuwa 2019 ta zauna wajen kashi 3. A 2022, shekarar da kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi a duniya, ta tsaya a kashi 5.5, ta sauko ƙasa da kashi 3 a 2023. Babban banki yana da nasa rabon yabon, amma akwai wani aiki na ƙasa-ƙasa da ba a cika ambato ba. Kowace jiha da kowace gunduma tana da kwamitin sa ido kan farashi. Daga ƙarshen 2022 ministan cikin gida yana tara gwamnoni da shugabannin gundumomi ta bidiyo duk mako, a karanto sunayen inda barkono ko shinkafa ko ƙwai suka fi tsada, a tambayi mai wurin dalili. Aka kuma ba su izinin ɗaukar kuɗi daga kasafinsu su biya kuɗin motar da za ta kwaso albasa daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci. Ba a ce wa mai albasa ga yadda zai sayar ba, an dai cika kasuwar da albasa, farashin ya sauko da kansa.

Ku riƙe wannan, ku kwatanta da abin da ya faru da man girki. Indunusiya ce ke samar da fiye da rabin manjan duniya, kuma daga manjan da aka tace ake yin man da kowane gida ke suya da shi. A ƙarshen 2021 farashin manja ya tashi a kasuwar duniya, na cikin gida ya bi shi. Wani ɓangare na manjan kuma gwamnati da kanta ta karkata shi zuwa tankin mota, domin a lokacin, tun Janairu 2020, doka ta ce kashi 30 cikin 100 na man dizal ya zama daga manja. A Janairu 2022 sai gwamnati ta yanke cewa kowace lita rupiya 14,000 za a sayar. Cikin 'yan kwanaki mai ya ɓace daga kantuna. Mata suka riƙa shan dogon layi a ƙasar da gonakin kwakwar manja suka cinye dazuzzuka. Shugabar jam'iyyarsa, Megawati Sukarnoputri, ta ƙara wa wutar fetur da ta yi mamakin ko matan ƙasar ba su san dafawa da turarawa ba sai suya kullum. A tsakiyar Maris aka janye ƙayyade farashin man leda da na kwalba, sai ga mai ya cika kantuna kamar daga sama, amma a farashin da ya kusa ninka na gwamnati. Ashe man yana nan, mai shi ne ya ƙi fito da shi a yi masa asara.

Ran Jokowi ya ɓaci. A watan Afrilu, ana cikin azumi, aka kama babban jami'in da ke ba da lasisin fitar da kaya a ma'aikatar ciniki tare da wasu manyan ma'aikatan kamfanonin manja. Ranar 28 ga Afrilu, saura kwanaki kaɗan Sallah, ya haramta fitar da manja daga ƙasar gaba ɗaya. Kasuwar duniya ta girgiza, Indiya da Pakistan suka shiga neman mafita. A cikin gida kuwa wa ya sha wuya? Tankunan matatu suka cika, matatu suka daina saye, farashin kwakwar da ƙananan manoma ke kawowa ya faɗi ƙasa, wasu ta ruɓe musu a gona. Manoma suka yi zanga-zanga a Jakarta. Ranar 23 ga Mayu aka ɗage haramcin, bai kai wata guda ba, kuma farashin lita bai sauko inda aka ce sai ya sauko ba. A Yuni aka sauke ministan ciniki. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin da ya kwantar da ƙurar daga baya shi ne faɗuwar farashin duniya, da tallafin kuɗi da aka ba talakawa kai tsaye, da sharaɗin cewa sai kamfani ya sayar da wani kaso a gida kafin a ba shi izinin fitarwa.

A ƙarshen Yuni na shekarar Jokowi ya hau jirgin ƙasa daga Poland ya shiga Kiev, washegari ya wuce Mosko. Mutane sun yi mamakin me ya kai shugaban Asiya tsakiyar yaƙin Turai. Alkama ce da takin zamani. Indunusiya ba ta noma alkama, amma tana cikin ƙasashen da suka fi sayenta, saboda taliyar nan da yaranmu ma suka sani, Indomie, wadda asalinta daga can ne kafin a kafa mata masana'anta a Ota da Kaduna. Yarjejeniyar fitar da hatsi ta Bahar Aswad da aka ƙulla a Yuli aikin Turkiyya ne da Majalisar Ɗinkin Duniya, ba na Jokowi ba. Amma tafiyar ta nuna inda hankalinsa yake a harkar waje, wato farashin kwanon taliya a gida.

Wannan ya kawo mu kan lafiya, kuma a nan labarinsu ya haɗu da namu. Da yawa a zauren nan sun tuna 2003, lokacin da Kano ta dakatar da ɗigon rigakafin shan-inna saboda zargin an gurɓata shi. Da aka dawo da shi a Yuli 2004, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kwantar da hankalin jama'a ne da cewa daga Indunusiya aka kawo maganin, ƙasar Musulmi. Masana'antar ita ce Bio Farma ta birnin Bandung, mallakar gwamnati, wadda asalinta ya koma 1890. A 2005 kuma shan-inna ta ɓulla a yammacin Jawa bayan shekara goma ba a gan ta ba, ta nakasa yara kimanin 300, binciken ƙwayar cutar ya nuna daga arewacin Nijeriya ta taso, ta bi ta Sudan da Saudiyya. Mun karɓi magani daga hannunsu, cuta ta je musu daga wajenmu. Duk wannan kafin Jokowi ne, haka ma rikicin 2007, lokacin da ministar lafiyarsu Siti Fadilah Supari ta daina ba Hukumar Lafiya ta Duniya samfurin murar tsuntsaye, tana cewa ana karɓar ƙwayar cuta kyauta a wurin talaka, a yi rigakafi da ita, a sayar masa a farashin da ba zai iya ba. An zage ta sosai, amma a 2011 hukumar ta amince da tsarin raba amfanin irin wannan samfuri. Wannan gado Jokowi ya tarar: masana'anta, da kuma ƙasar da ta saba ɗaga murya.

Farkon korona bai yi masa kyau ba. Gwamnatinsa ta raina cutar, shi kansa ya amsa a Maris 2020 cewa an ɓoye wasu bayanai don gudun firgita jama'a. A Yuli 2021 asibitocin Jawa suka rasa iskar oksijin, aka kai mutuwar sama da mutum 2,000 a rana ɗaya. Alƙaluman gwamnati sun ce kimanin mutum 160,000 suka rasu, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙarin mace-mace a 2020 da 2021 kuwa ya kai wajen miliyan ɗaya. Inda ya farfaɗo shi ne da ya mayar da annobar maganar sayen kaya da rabawa. Tun Agusta 2020 Bio Farma ta shiga gwajin allurar Sinovac a Bandung, abin da ya ba ƙasar gurbi a gaban layi. A Disamba ya naɗa Budi Gunadi Sadikin ministan lafiya, mutumin da ba likita ba ne, tsohon shugaban banki ne. Majalisar malaman ƙasar ta ba da fatawar halaccin allurar, ranar 13 ga Janairu 2021 kuma Jokowi ya naɗe hannun riga aka yi masa ta farko a talabijin.

A waje, ministar harkokin wajensa Retno Marsudi ta zama ɗaya daga shugabanni uku na rukunin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi a shirin COVAX na raba rigakafin korona, tare da ministoci daga Habasha da Kanada. Da Indunusiya ta shugabanci ƙungiyar ƙasashen G20, aka ƙaddamar da asusun shirin tunkarar annoba a Bali a Nuwamba 2022, ƙarƙashin kulawar Bankin Duniya. An yi alkawarin kimanin dala biliyan 1.4, alhali giɓin da masana suka ƙiyasta ya kai wajen biliyan 10 a kowace shekara. Ni a wurina abin da ya fi asusun nauyi shi ne wata 'yar ƙaramar kwalba. Tsohon ɗigon shan-inna yana ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana, wadda a inda yara da yawa ba su karɓa ba takan yi ta yawo har ta sake yin ƙarfi. Aka ƙirƙiro sabon ɗigo da ya fi wuyar rikiɗa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi izinin gaggawa a Nuwamba 2020, Bio Farma ce ta ƙera shi, kuma Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da shi, a Maris 2021. Kujerar da Indunusiya ke samu a teburin lafiyar duniya daga wannan masana'anta take. Mu namu ɗakin ƙera rigakafi na Yaba ya daina aiki tun 1991.

Na bar shinkafa zuwa ƙarshe da gangan. A Agusta 2022 cibiyar binciken shinkafa ta duniya ta karrama Jokowi saboda ƙasarsa ta ciyar da kanta daga 2019 zuwa 2021. Shekara guda bayan haka fari ya zo, Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta, manyan gonakin da gwamnati ta share a Kalimantan tun 2020 ba su ba da abin kirki ba, sai ga Indunusiya ta shigo da tan miliyan 3 a 2023. Hukumar ajiyar hatsi, Bulog, ta riƙa raba buhu mai kilo 10 duk wata ga iyalai kimanin miliyan 22. A ƙasa mai tsibirai 17,000 wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma tituna da jiragen da muka ambata su suka sa ya yiwu.

Amma an tsawaita rabon ya ratsa ta kan zaɓen 14 ga Fabrairu 2024, Jokowi da kansa yana zagaya Jawa yana miƙa buhuna, alhali babban ɗansa Gibran yana takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Prabowo Subianto. Shekarun Gibran ba su kai 40 da doka ta gindaya ba, kotun tsarin mulki ce ta buɗe masa ƙofa a Oktoba 2023 ƙarƙashin alƙalin alƙalai Anwar Usman, mijin ƙanwar Jokowi, wanda kwamitin ɗa'a ya sauke daga kujerar bayan 'yan makonni. Prabowo da Gibran suka ci da kimanin kashi 58 cikin 100. Waɗanda suka faɗi suka kai ƙara, suna cewa an yi amfani da shinkafar gwamnati wajen sayen zukata. A Afrilu 2024 kotu ta kori ƙarar, alƙalai biyar suka ce ba a kawo hujjar da ta isa ba, uku suka saɓa musu suka ce ya kamata a sake zaɓe a wasu jihohi. A watannin nan ne kuma farashin shinkafa a kasuwannin da Jokowi ke yawan shiga ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.